BASHIN KARATU: A BIYA DA WURI KO A JIRA WA'ADI?

Ya ku samari da 'yan matan Gyadi-Gyadi da Tarauni, da iyayenmu masu ɗawainiya da su.

Duk inda muka zauna taron mazaɓa, daga Hausawa zuwa Darmanawa da Unguwa Uku, sai wani ya ɗaga hannu ya tambaya: wanda ya ci bashin karatu na gwamnati, ya tattara abin hannunsa ya biya tun yanzu ya huta, ko kuwa ya jira wa'adi? Ni malamin makaranta ne kafin in shiga aikin jam'iyya, saboda haka bari mu yi lissafin dalla-dalla, kamar a kan allo.

ABIN DA DOKA TA CE

Shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a dokar rancen ɗalibai a watan Yuni 2023, aka sake ta a watan Afrilu 2024, aka cire sharaɗin kawo masu tsaya wa ɗalibi. Hukumar NELFUND ta fara karɓar takardun masu nema a watan Mayu 2024. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makaranta, ɗalibi kuma a ba shi Naira 20,000 a wata na ɗawainiya in ya nema. Babu ruwa a kan bashin. Ba za a matsa maka ba sai bayan shekara 2 da gama bautar ƙasa. Daga nan a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinka, mai sana'ar kansa kuma ya ba da kashi 10 na ribarsa. Wanda bai sami aiki ba yana iya yin rantsuwa a rubuce a ƙara masa lokaci, amma mai rantsuwar ƙarya ɗaurin shekara 3 ke jiransa. Kuma ba a hana kowa biya kafin lokaci ba.

GA LISSAFI

A ce kuɗin makarantarka Naira 100,000 ne a shekara, ka kuma karɓi na ɗawainiya, wato 240,000 a shekara. Cikin shekara 4 ana bin ka Naira 1,360,000. A ce ka sami aikin Naira 100,000 a wata. Za a riƙa cire 10,000, wato 120,000 a shekara, ka kai shekara 11 da 'yan watanni kana biya. In ka biya yau, 1,360,000 ce. In ka biya a hankali, ita ce dai, ko kwabo ba a ƙara ba.

To, a nan ne shawarar da ake kwasowa daga intanet take ɓatar da mutane. A Amurka bashin karatu yana da ruwa, kullum ya kwana sai ya hayayyafa, don haka ake ce musu su yi maza su biya. Namu ba ya haihuwa. Hasali ma ramewa yake yi, domin hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Je ka kasuwar Tarauni ka tambayi mai awo nawa kwanon shinkafa yake shekara 5 da suka wuce. Naira dubu goman da za ka biya nan gaba ba za ta sayi abin da ta yau take saya ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, in abin da ka tara daga alawus ɗin bautar ƙasa, wanda ya koma Naira 77,000 a 2025, shi ne kaɗai jarin da za ka kafa teburin gyaran waya a Farm Centre, kada ka kwashe shi ka kai wa hukuma. Ke ma 'yar'uwa, kada ki sayar da keken ɗinkinki don ki ce kin fita bashi. Wanda ya yanka kazar da ke masa ƙwai, gobe da me zai biya?

WANE BASHI KE GABA?

Na farko, duk bashi mai ruwa, musamman na masu ba da rance ta waya, waɗanda ke ninka kuɗi cikin makonni, su kuma bi 'yan'uwanka da saƙon tozarci. Wannan wuta ce, kashe ta tun ba ta ci ɗaki ba. Na biyu, bashin mutane: mai kantin unguwa, da gwaggon da ta sayar da akuyarta ta cika maka kuɗin rajista. Su ba gwamnati ba ne, hauhawar farashi cin su take yi. Na uku, ajiye abin da zai riƙe ka wata biyu ko uku, domin ciwo ba ya sallama. Duk wanda ya taɓa jinya a Asibitin Malam Aminu Kano, nan kusa da mu, ya san yadda kuɗin magani ke cinye tanadi. Bayan waɗannan sai bashin karatu.

AMMA FA BA GANIMA BA CE

Kada wani ya ce malam ya ce a ci a share baki. Haba! Ramar da bashin ke yi, wadda ta zama sauƙi gare ka, asara ce ga asusun, asusun kuwa na ƙannenka ne. Yaran da na koyar a aji shida, da yawansu iyayensu leburori ne da masu tura kura. Ran da suka isa shiga Jami'ar Bayero ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano, daga wannan rijiya za su sha. In ka jinkirta alhali kana da hali, guga ka mayar musu rabi.

Mun taɓa ganin haka. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance. Aka karɓa, mafi yawa ba a mayar ba, hukumar ma ba ta iya bin sawun masu bashin ba, har ta durƙushe. A 1993 aka yi dokar Bankin Ilmi don ya gaje ta, shi ma bai je ko'ina ba. Waɗanda suka ci sun zama manya, 'ya'yan talakawa da suka biyo baya suka tarar da ƙofa a rufe shekara da shekaru. Ko ta fuskar addini, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan bashi take, kuma malamai sun sha jan kunnen mai hali da ke jinkirta biya.

Ga matsayina ke nan. Mai ƙaramin ƙarfi ya bi wa'adi, ba abin kunya ba ne, haƙƙinsa ne. Wanda Allah ya buɗa wa, ya sami aiki mai tsoka ko kasuwa ta karɓe shi, ya ƙara a kan kashi goman nan ya gama da wuri. Kowa kuma ya adana shaidar duk abin da ya biya, ya biya ta hanyar hukuma kaɗai, ban da 'yan tsakiya.

ABIN DA ZA KU TAMBAYI 'YAN TAKARA

Dokar nan majalisa ce ta yi ta, majalisa kuma tana iya sauya ta. A watan Afrilu 1978, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibai ya tayar da zanga-zangar Ali Must Go, aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Maganar kuɗin karatu ba wasa ba ce. Don haka duk mai neman ƙuri'arku, ko na jam'iyyarmu ne, ku tsare shi da tambaya uku. Zai tsaya kada a ɗora ruwa a kan wannan bashi? Zai tilasta a riƙa bayyana wa jama'a abin da ya shiga asusun da abin da ya fita? Wane shiri gare shi na aikin yi, tunda mara aiki ba ya biyan bashi, mai albashin Naira 70,000 kuma da ƙyar yake kai ƙarshen wata?

Wanda ya yi ta kame-kame, kun san amsarsa ran zaɓe. Ku adana katinku, ku fito da wuri, ku tsaya a ƙirga a gabanku.

Allah ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, amin.

Daga Sakataren Tsare-tsare na Matasa, Gyadi-Gyadi da Tarauni, Kano.