Hannu da Allura: Mu Ɗinka Zaki da Kura Don Wasan Ƙarshen Zango

Zangon karatu ya fara gangarawa, mun kuma san ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantu da yawa sun shiga shirin wasan ƙarshen zango. Galibin wasannin daga tatsuniya ake ɗauko su, tatsuniya kuwa ba ta rabuwa da Gizo da kura da zaki da zomo. Don haka yau za mu duba yadda ake ɗinka kayan dabbobi, da irin yadi da zaren da suka dace da aikin.

Bari mu fara da abin da muka gani da idonmu a wata makaranta da aka gayyace mu kallon wasa. Lokacin bazara ne, ɗakin taro ya cika maƙil, ga babu wuta balle fanka. Yaron da ya fito a zaki an yi masa kai da soson katifa, an rufe fuskarsa ruf, sai 'yan ƙofofi biyu na ido. Kayan sun yi kyau, jama'a sai tafi suke yi. Wasa ya yi nisa sai zaki ya fara tangaɗi, 'yan kallo suna dariya don sun zaci cikin shirin ne, har ya yanke jiki ya faɗi. Da ƙyar aka cire masa kan, domin ɗinke shi aka yi da wuyan rigar. Allah Ya kiyaye, ya farfaɗo bayan an yayyafa masa ruwa, amma wasa ya tashi daga nan. Tun ranar muka riƙe doka guda: kafin mu tambayi ko kaya sun yi kyau, sai mun tabbatar wanda zai sa su yana numfashi sosai, yana ganin gabansa, yana kuma iya cire su da kansa.

Saboda haka kan dabba mu yi shi kamar hula mai saukowa kan kunnuwa, fuskar ɗan wasa a buɗe. Kunnuwa da geza da ɗan zane a fuska sun isa su nuna wace dabba ce, muryarsa ma ta fi fita. Kada mu ɗinke kai da riga. A haɗa su da maɓalli ko igiyar da ja ɗaya zai kwance ta.

Sai batun yadi. Ba sai mun je Kantin Kwari mun yanki sabo ba, ko da yake wanda ke Kano zai sami kusan kowane iri a can. Tsohon bargo mai gashi, tsohon tawul, buhun algarara da labulen karan-miski na gwanjo duk suna yin aiki, kuma kuɗin ƙungiya ba zai ƙare a kan dabba ɗaya ba. Sai dai yawancin barguna masu gashi na yanzu zaren roba ne. Suna riƙe zafi, idan kuma suka haɗu da wuta narkewa suke yi su manne a fata. Wannan ya shafi ƙannenmu masu tashe, da ke yawo da dare daga goma ga azumi, suna gilmawa ta gaban masu shayi da masu tuyar ƙosai.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane yadi, amma a yi ta a gaban malami ko wani babba, da kwanon ruwa a kusa. A yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin farce, a kama shi da filaya, a kanga masa ashana. Auduga tana ci da wuta, tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu da siliki na gaske suna ƙaurin gashi. Na roba kuwa ƙanƙancewa yake yi ya narke, ya bar ɗan dunƙule mai tauri. Idan namu na roba ne, mu taƙaita shi ga geza da wutsiya da kunnuwa, jikin rigar ya zama na auduga. Buhun algarara kuma yana sa ƙaiƙayi, dole a wanke shi a yi masa shafi da tsohon zane.

Wurin yanka ne aka fi yin asara. Gashin bargo yana da inda yake kwanciya. Mu shafa da hannu mu gano, sannan mu zana kibiya da alli a bayan yadin, yadda gashin kowane yanki zai kwanta daga kai zuwa ƙafa kamar na dabbar gaske. Mu kife yadin mu yanka ta baya da reza ko bakin almakashi, saƙar kaɗai za mu raba. Idan aka zura almakashi gaba ɗaya, gashin zai yanke, bakin ɗinki ya fito kamar wanda aka yi wa mummunan aski. Karan-miski ma yana da kwanciya: yanki biyu da suka saɓa wa juna za su zama kamar launi biyu a ƙarƙashin fitila. Shi kuma ba a ɗora masa dutsen guga ta fuska, domin gashinsa yana murƙushewa ya bar tabo.

Wajen awo, mu ƙara inci huɗu zuwa shida a ƙirji, hammata da tsakanin ƙafa su yi yalwa, domin kura sai ta yi rarrafe, zomo sai ya yi tsalle. Mu fara da ɗinkin hannu mai faɗi, ɗan wasa ya sa ya gwada motsinsa, sannan a hau keke. Yadi mai kauri yana son allura lamba 16, mai laushi lamba 11 ko 12. A ƙara tsawon ɗinki a kan bargo, a riƙa tura gashin ciki da yatsa, in an gama a tsefo wanda ɗinki ya danne da tsinken allura, sai mahaɗar ta ɓace. Inda kauri ya fi ƙarfin keke, basilla da zare ninki biyu za su fitar da mu.

Zare ma kowanne da aikinsa. Na roba ya fi jure ja, shi ya dace da mahaɗa. Zaren ulu na saƙa yana yin geza da tukun wutsiya, haka ma zaren da aka warware daga buhun algarara, wanda launinsa ya yi kama da na zaki ko ba rini. Zaren aikin hula mai sheƙi na zanen ido da hanci ne, kuma a yanke shi gajere, kamar kamu ɗaya, don dogo yana tsefewa ya sarƙe. Kada mu ɗauka sanin zare baƙon abu ne a wurinmu. Kakanninmu suna samun zaren tsamiya daga gidan wata tsutsa da ke cin ganyen tsamiya, su dafa shi da ruwan toka, mata su kaɗa, a yi aikin aska takwas a manyan riguna. Alharini kuwa a da fatake ke kawo shi Kano ta hamada daga Tarabulus. Waɗannan sun fi ƙarfin aljihun ƙungiya, amma duk wanda ke da mai ɗinkin hula ko riga a gida, ya zauna kusa da shi ya ga yadda yake riƙe zare.

Abin da ya rage shi ne lura da dabbar kanta. Kura gabanta ya fi bayanta tsayi, don haka a cusa tsumma a kafaɗa, a yi mata kunnuwa masu zagaye, a ɗinka baƙaƙen ɗigo. Gizo ƙafa takwas gare shi, ɗan wasa yana da huɗu, sai a ƙara huɗu da tsofaffin safa da aka cusa wa tsumma, a ɗaure su da zare a hannuwansa yadda za su motsa tare. Kunnen zomo a sa masa kwali a ciki, kada a sa waya, don tana iya tsokane idon wani. Kunkuru kuwa babban faifai a baya ya wadatar.

Ga aikin wannan mako. Kowace ƙungiya ta zaɓi dabba ɗaya, ta tattaro ƙyallaye uku da izinin iyaye, ta gwada su a gaban malami, ta ɗinka hular kai kaɗai. Wanda zai sa ta ya yi minti goma yana faɗin maganarsa a cikinta da rana tsaka. Idan ya ce ya takura, a farke a gyara tun kafin ranar wasa. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake rina tsohon zane ya dace da launin dabba. Mu kwana nan, a gaida malamai da iyaye.