Wai sai an sayo mana sarauniyar zuma daga Turai?

Shekaranjiya wani ƙanena ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. Wani Bature ne ya buɗe akwatin zuma, ba hayaƙi ba rigar kariya, ƙudan na yawo a yatsunsa sai ka ce tumaki. Yaron ya rubuta: "Yaya, irin wannan sarauniyar zan sa a kawo mini. Tamu ta gida masifa gare ta, ga gudu." Kuɗin da ya tara bana a aikin tattasai a bakin Komadugu yake shirin zubawa. Na ce ya dakata. Abin da na faɗa masa shi zan faɗa muku, don na san ba shi kaɗai ya ga bidiyon ba.

Gaskiya ɗaya ce, sarauniyar da aka tace irinta tana da kyau. Ta Italiya da wadda ake kira Buckfast, da wani ɗan coci mai suna Brother Adam ya shafe shekaru yana haɗa irinta a Ingila, ƴaƴansu na da sanyin hali kuma suna tara zuma. Amma don wace ƙasa aka tace su? Ƙasar da ake watanni ana sanyi, ƙuda ya cika rumbu ya zauna ɗaka har fure ya dawo. Mu nan Diffa, a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, daji ya bushe ƙurmus.

Abin da kuke kira aibin ƙudanmu shi ya raya shi. Gudun nan, in fure ya ƙare ko ruwa ya ƙafe, tashi yake ya bi gawo da magarya da aduwa inda suke. Faɗan nan kuwa, da shi yake korar tururuwa da dage da ɓarawo. Ka kawo mai sanyin hali ka ajiye a Gueskérou ko Chétimari, ka ga ko zai kai damina.

Ga kuma abin da masu talla ba sa faɗa. Sarauniya a sama take barbara, da maza goma ko fiye, kuma ba ka da iko a kan waɗanda za ta haɗu da su. Wadda ka saya za ta tsufa cikin ƴan shekaru. Ƴarta za ta tashi ta haɗu da mazan dajinmu, halin da ka biya kuɗi dominsa ya fara zubewa. Sai ka sake saye. Mun san wannan wasan a wajen irin shuka na kanti, wanda ba a ajiye shi don baɗi. Haka muke son zumarmu ta koma?

Ku dubi Brazil. Ƙudan Turai ya kasa yin abin kirki a zafin ƙasar, shi ya sa a 1956 masani Warwick Kerr ya zo Afirka ya ɗebi sarauniyoyi. A 1957 wasu suka kuɓuce, irinsu ya mamaye nahiyar har ya shiga Texas ta Amurka a 1990. Darasi biyu ke nan: a ƙasa mai zafi namu ne gwani, kuma ƙudan da ka saki ba ya komawa kwali. A Afirka ta Kudu, da aka kai ƙudan yankin Kap arewacin ƙasar wajen 1990, dubban amya suka mutu. A Masar, ƙudan da aka riƙa shigowa da shi daga Turai ya kusa shafe na gida. Sannan akwai varowa, ƴar kaskar da ke halaka ƙudan Turai in ba a sa magani ba, alhali na Afirka na jure mata. Wa zai binciki kwalin da aka tsallako da shi iyaka?

Kada wani ya ce ina ƙin ci gaba. A tace iri mana, amma daga namu. In kana da amya goma, sa ido: wacce ta fi zuma, wacce ba ta gudu da rani, wacce ke da dama-dama wajen faɗa? Daga ita za ka raba. Abin da Turawan suka yi da nasu ke nan. Ka ajiye ruwa kusa, ka yi inuwa, ka daina ƙone ƙuda da wuta ranar ɗiba. Mu kuma yi magana da manoman tattasai su bar feshi da rana lokacin da ƙuda ke kan fure, don wannan na kashe shi, na gida ne ko baƙo.

Tun 2015 mutanen wannan kwari ke asarar gonaki da kasuwa, jarin matashi bai kai na gwaji ba. Duk furojen da ya zo da maganar kiwon zuma, ku tashi a taron ku tambaya: daga ina sarauniyar take, kuma in ta mutu wa zai biya ta biyu? Ƙanena dai ya fasa. Akwati uku zai sa kafinta ya yi masa, ya shafa kaki ya rataya, ya jira ƙudan daji ya shiga kyauta.