Kashe tantancewar tsaro ba gyara ba ne: Jan hankali ga masu kafe na Bodinga da Shagari

Duk mai shagon intanet a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, daga Bodinga har Shagari, ya san wannan yanayi. Ɗalibai sun yi layi za su biya kuɗi ta Remita ko su buga takardar JAMB, sai kwamfuta ta ƙi buɗe shafin, ta ce ta kasa tabbatar da ko an soke takardar shaidarsa. Abin da mai gyara ya saba yi shi ne ya shiga saiti ya kashe binciken baki ɗaya. Shafi ya buɗe, kowa ya tafi da murna, amma gyaran gangar Auzinawa aka yi.

Kowane amintaccen shafi yana da takardar shaida daga kamfanin da ya tantance shi. Idan ɓarayi suka sace makullinta, kamfanin zai soke ta ya saka lambarta cikin wani jeri da masana ke kira CRL. Kwamfuta na duba jerin ne kamar yadda maigadi ke duba sunayen korarrun ma'aikata da ba su mayar da katinsu ba. A watan Afrilun 2014, da aka gano ɓarakar Heartbleed, dubban shafuka a duniya sun soke takardunsu saboda fargabar an kwashe makullansu. Kwamfutar da aka hana duba jerin za ta karɓi sokakkiyar takarda hannu bibbiyu, ko da a hannun ɗan damfara take.

Galibi matsalar ƙarama ce. A fara duba kwanan wata, domin wasu kwamfutocin gwanjo ƙaramin batirin agogonsu ya mutu, da an ɗauke wuta sai lokaci ya koma baya, jerin ya zama kamar bai fara aiki ba. Sai a duba data, domin wadda aka saya don WhatsApp da Facebook kaɗai ba ta isa adireshin da jerin yake. Wani lokaci manhajar kariya ce ta toshe hanya, ko tsohon jeri ya maƙale, sai a goge shi kwamfuta ta ɗauko sabo. Idan sabis ne ya yi rauni, a canza layi ko a jira.

Masu shaguna za su ce kwastoma ba ya jira, man janareta kuma na ƙonewa, kuma hujjarsu na da ƙarfi. Sai dai abin da ke bi ta wannan kwamfuta lambar NIN ce da BVN da bayanan katin banki na manomi daga Sifawa ko Danchadi, wanda ya miƙa su bisa amana, kuma ba shi da hanyar sanin an cire maigadin. Sabon batirin agogo bai kai kuɗin da zai rasa ba idan aka yashe masa asusu.

Ya dace masu kafe da masu gyara su daina kashe wannan bincike, waɗanda suka riga suka kashe kuma su koma saiti su kunna.