Tsakanin Mai Ba Da Labari Da Mai Jinsa

Duk wanda ya saba bi ta bakin babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko ya zauna a rumfunan kasuwar Sabon Gari da hantsi, ya san cewa labari ba ya ƙarewa a inda aka karanta shi. Daga nan ne ma yake farawa, domin sai an juya shi, an tauna, wani ya gaskata, wani ya musa. A da jarida da akwatin rediyo ne a tsakiyar wannan majalisa, yanzu kuwa wayar hannu ce. Abin tambaya shi ne, shin gidajen da ke kawo labarin suna jin abin da majalisar ke cewa?

Wannan tambaya ta fi dacewa da Zariya, domin a nan ne aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin watan Janairu na shekarar 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, Dokta East kuwa yana shugabancin ofishin talifi. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Tudun Wada a 1945 daga wannan aiki ya tsiro. Abin da ya sa jaridar ta shiga zukatan jama'a ba labarin yaƙin Hitila kaɗai ba ne. Akwai filin wasiƙu. Malamin makaranta ko ma'aikacin En'e yakan zauna ya rubuta kokensa, ya saya masa kan sarki, ya jira makonni. Ranar da ya ga sunansa da na garinsu a jarida, wani lokaci har da amsar edita a ƙarƙashi, ya san an ɗauke shi mutum. Kwafi guda kuwa yakan zaga hannu da yawa, a karanta wa waɗanda ba su iya boko ba, watau amsar da aka ba mutum ɗaya unguwa guda ce ta ji ta.

Ba a ce wancan zamani ba shi da aibi ba. Jaridar ta gwamnatin mulkin mallaka ce, edita ne mai zaɓen wasiƙar da za ta fito, kuma wanda bai iya rubutun boko ba sai ya nemi mai rubuta masa. Amma duk da wannan rariya, magana tana zuwa tana dawowa.

Rediyo ya gaji wannan hali. Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya daɗe yana amsa takardun masu sauraro, gidan rediyon Kaduna da ya fara aiki a 1962 kuwa ya tara jama'a ta hanyar katin gaisuwa, har aka kafa ƙungiyoyin Zaɓi Sonka gari gari, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka zama 'yan uwa.

To, yau ƙofa ta buɗe fiye da yadda Malam Imam zai taɓa tsammani. Gidan labarai zai sa labari a Facebook, kafin a sha shayi mutane da yawa sun tofa albarkacin bakinsu, ba kan sarki, ba jiran edita. Wannan ci gaba ne, kuma wanda ya musa bai yi adalci ba. Sai dai a duba da kyau a ga wa ke amsawa. Mai sayar da atamfa a Sabon Gari zai rubuta cewa sunan ƙauyen da aka ambata ba haka yake ba, shi ɗan can ne. Ɗaliba a Samaru za ta nuna cewa fassarar da aka yi wa wata kalma ta juya ma'anar labarin. Sau da yawa ba gyara, ba godiya, ba ko alamar an gani. Gyaran nasu yakan nutse a cikin zage-zage da tallan maganin gargajiya, kuskuren kuwa ya ci gaba da yawo daga waya zuwa waya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Waɗannan dandali an gina su ne a kan ƙidaya: labarin da ya fi jawo surutu shi ake ƙara nuna wa mutane, kuma yawan idon da ya gani shi ke kawo kuɗin talla. Ga mai wannan lissafi, zagi da gyara duk ɗaya ne, kowanne lamba ce. Mai karatu ya tashi daga abokin shawara ya koma kan da ake ƙirgawa, kamar awaki a kara. Ga kuma wata matsalar, rumfar ta aro ce. Lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, duk gidan da ya tara masu karatunsa a can ya wayi gari hanyar ta toshe, ba kuwa shawararsa aka nema ba.

Illar wannan shiru ta wuce ɓacin ran mutum guda. A gari irin Zariya, inda ƙabilu da addinai ke cin kasuwa ɗaya, jita-jitar da aka bari a ƙarƙashin labari ba tare da mai gida ya ƙaryata ta ba takan ari mutuncin gidan, a ce ai a shafinsu aka gani. Harshen ma yana shan wahala, domin sababbin kalmomi da ƙa'idojin rubutu a nan ake gwada su, ba kuwa mai tsawatarwa.

Maganin bai fi ƙarfin kowane gida ba. A ajiye mutum guda wanda ya san Hausa, aikinsa ke nan ya karanta, ya share zagi, ya amsa tambaya, idan an yi kuskure ya ce an yi, ya ambaci wanda ya gyara. Kowace shekara sashen nan yana yaye ɗalibai da suka karanci fassara da ƙa'idojin rubutu, da yawansu suna zaune ba aiki, daga Samaru zuwa Kaduna kuwa tafiya ce da ba ta kai sa'a biyu ba.