Ko Harsashi Mai Haske Yana Kunna Fetur?

A watan nan wata gardamar fada ce ta ba mu abin magana. Samari na shan shayi sai aka shiga hirar finafinan yaƙi, inda ake harbin tankin mota sau ɗaya ta yi bindiga. Wasu suka ce ƙaryar fim ce. Wasu suka ce in dai harsashin nan ne mai haske, wanda ake gani ja kamar garwashi yana keta duhu, to babu makawa sai ta kama. Kowane ɓangare da 'yar gaskiyarsa.

Shi wannan harsashi, a gindinsa ake ɗura wani haɗi mai sinadarin maganiziyam, wanda ke kamawa da wuta da zarar an harba. In an sa sinadarin sitirontiyam sai haskensa ya yi ja, in bariyam ne ya yi kore. An yi shi ne don soja ya ga inda harbinsa ya dosa, shi ya sa a bindiga mai jigida akan sa guda cikin kowane harsashi 5.

To, yana kunna fetur? Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, tururin fetur ne ke cin wuta, ba ruwansa ba. Shi ma tururin sai ya gauraya da iska daidai wa daida, wato kimanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100. A cikin rufaffen tanki tururi ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, harsashin kuwa kafin ƙiftawar ido ya wuce. Saboda haka galibi huda kawai yake yi. Amma in man ya tsiyayo ƙasa, tururi ya bazu, lalle harsashi mai haske na iya ta da gobara, kamar yadda yakan kunna busasshiyar ciyawa a filayen atisayen soja.

Ga inda maganar ta shafe mu. A unguwanninmu ana sayar da fetur a kwalabe da jarkoki, wasu har cikin ɗaki suke kwana da shi. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa sannu a hankali har ya iske murhu ko guntun taba. A watan Fabrairu na 1998, a unguwar Nsam ta Yawunde, mutane fiye da 100 suka halaka wajen kwasar man da ya zube daga taragun jirgin ƙasa. A watan Mayu na 2019, fiye da 50 suka rasu ta wannan hanya kusa da filin jirgin saman Yamai, bayan wata tankar mai ta kife. Ba harbi ne ya jawo ko ɗaya ba.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa: in mun ji warin fetur, mu kashe wuta, mu ja da baya. Masu walda kuma su tuna, durom ɗin da aka juye ya fi cikakke haɗari, don a cikinsa ne iska da tururi ke haɗuwa.

Allah ya kiyaye mu. Sai wata mai zuwa.