Inabin Kudan: Me Ya Hana Shi Isowa Teburinmu?

Duk wanda ya taɓa zagayawa kasuwar 'ya'yan itace ta Ketu ko Mile 12 a nan Legas ya san cewa inabin da muke sayarwa a ƙananan robobi daga waje yake zuwa, galibi Afirka ta Kudu da Masar. Da dala ake shigo da shi, saboda haka duk ranar da naira ta faɗi, mu ne muke shan surutun masu saye. Alhali a Ƙaramar Hukumar Kudan ta Jihar Kaduna, dab da Zariya, akwai manoman da suka daɗe suna noman inabi a kewayen Hunƙuyi da ƙauyukanta. Da yawa daga cikinmu sai a bidiyo muka fara ganin gonakin, wasu ma suka rantse ba a Najeriya ba ne.

Ra'ayinmu shi ne, laifin rashin isowar wannan inabi ba na manomi kaɗai ba ne, har da mu 'yan kasuwa.

Noman inabi aiki ne mai cin jari. Sai an kafa masa rumfa ya hau, sai an yi masa aski a kan lokaci, sai an yi ban ruwa da rani, da damina kuma a yi ta fama da cutar ganye. Bayan duk wannan wahala, inabi yana da wani hali da ya bambanta shi da ayaba ko mangwaro: da zarar an tsinke shi, ba ya ƙara nuna. Idan an cire shi da tsami, da tsaminsa zai iso. Idan kuma an bari ya nuna sosai, ba zai jure tafiyar sama da kilomita 800 cikin zafi ba, musamman in an danne shi a kwando. Mun ga yadda tumatir yake isowa Mile 12 rabinsa ya zama ruwa, to inabi ya fi tumatir rashin haƙuri.

Manomi ɗaya ba zai iya gina ɗakin sanyi ko ɗaukar hayar mota mai sanyi shi kaɗai ba. Mu ma ɗaiɗaikunmu ba za mu iya ba. A nan ne ƙungiya take da amfani, ba wai ta raba muƙamai da buga kalanda ba. Idan manoman can suka haɗa amfaninsu wuri guda, suka tace shi, mai kyau daban, na biyu daban, mu kuma a nan muka haɗa kuɗi muka yi oda tun kafin girbi, kowa ya san abin da zai samu. A auna da sikeli, a bar ciniki da ido. A zuba a akwatunan roba marasa zurfi. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan kusa da su, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ba sai an je nesa neman shawara kan iri da magani ba.

Akwai kuma maganar da wasu ke kauce mata. A ƙasashe da dama, babban abin da ake yi da inabi shi ne giya. Ba za mu yi mamaki ba idan wata rana wani ya zo da kuɗi a hannu ya ce zai kwashe duk wanda ya fashe ko ya yi laushi. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa bai halatta ka sayar da inabi ga wanda ka san giya zai yi da shi ba. Amma fa mu faɗa wa kanmu gaskiya: manomin da ya ci bashi, amfaninsa na ruɓewa a gabansa, wa'azi kaɗai ba zai riƙe shi ba. In muna son ya ce a'a, sai ya kasance yana da wata ƙofa. Wanda bai kai na tebur ba ana iya matse shi a yi lemo, ana iya shanya shi ya zama zabibi, wanda yanzu haka daga waje muke sayensa da tsada, musamman lokacin azumi.

Wasu 'yan uwa sun ce masu saye a Legas sun saba da na waje, ba za su kalli na gida ba. Wataƙila da farko. Sai dai wanda yake tsaye a bakin titi ya san cewa yawancin mutane farashi suke fara tambaya, sannan su ɗanɗana. In ya yi zaƙi, ya zo da tsabta, ba wanda zai nemi fasfonsa.

Muna roƙon shugabanninmu su sa wannan batu a zaman ƙungiya mai zuwa. A zaɓi mutum biyu ko uku daga cikin masu sana'ar 'ya'yan itace, waɗanda suka san hanyar Zariya, su je su zauna da manoman kafin lokacin girbi, su dawo mana da farashi da yawan abin da za a iya samu. A fara gwaji da mota guda, a rubuta abin da aka kashe da abin da ya lalace a hanya, a karanta wa kowa a gaban taro.