Rariyar Tace Iskar Kabon: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A shekarar 2021, a wajen taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Glasgow, Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin cewa ya zuwa 2060 iskar kabon da Nijeriya take fitarwa ba za ta wuce wadda take iya kawarwa ba. Alkawari kuwa kaya ne. Masana'antun siminti na Sakkwato da Ashaka da Obajana ba su da yadda za su daina fitar da wannan iska, domin dutsen da ake gasawa a yi siminti shi kansa yana sakin ta. Abin da ya rage shi ne a tare ta a bakin bututun hayaƙi.

Tsohuwar hanyar yin haka ita ce a bi da hayaƙin ta cikin ruwan wani sinadari mai suna amin, ya shanye kabon, sa'an nan a dafa ruwan ya sake ta. Da wannan dabara ƙasar Norway take ware kabon daga gas a filin Sleipner tun 1996, tana binne ta a ƙarƙashin teku. Amma dafuwar tana cin makamashi ƙwarai, makamashi kuwa kuɗi ne.

Hanya ta biyu ita ce tantanin roba, wanda yake aiki kamar rariyar tankaɗe. Akan tura iska a kansa da ƙarfi, kabon ta ratsa da sauri, sauran iska su yi jinkiri. Tun cikin shekarun 1980 ake tsabtace gas da irinsa. Sai dai yana da cikas: robar da take barin iska ta wuce da yawa ba ta tacewa sosai, wadda take tacewa sosai kuma ba ta barin da yawa ta wuce. Wani masani ɗan Amurka, Lloyd Robeson, ya zana iyakar wannan ciniki a 1991, ya sabunta ta a 2008.

Don a tsallake iyakar ne masana suka shiga cuɗa robar da garin abubuwa masu ƙananan ƙofofi, irin su ziyolait da kuma wasu gine-ginen ƙarfe da sinadari da ake kira MOF. Faɗin ƙwayar iskar kabon nanomita 0.33 ne, na naitirojin 0.36, na gas ɗin mitan 0.38. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Idan ƙofa ta dace, sai ƙarama ta shige, manya su tsaya. Saboda ƙirƙiro MOF ne aka ba Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi lambar yabo ta Nobel a 2025.

Wajibi ne mu gargaɗi ma'aikatan gwamnati kada a ruɗe su. Yawancin waɗannan tantani masu gauraye ba su fita daga ɗakin gwaji ba tukuna. Wani lokaci garin yakan dunƙule, ko kuma ya ƙi mannewa da robar, ya bar giɓi inda kowace iska take zurarewa ba tacewa. Danshi da dattin hayaƙi su ma sukan rage musu ƙarfi. Duk ɗan kwangilar da ya zo da su yana cewa ya gama da matsalar, to, a nemi ya nuna masana'antar da suka yi shekara suna aiki a cikinta.

Amma wannan ba dalilin naɗe hannu ba ne. Ana iya yin ziyolait daga farar ƙasa, irin wadda Allah ya hore wa Ƙanƙara a Jihar Katsina, kuma masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna gwada hakan. A ganinmu, ya kamata gwamnati ta ware wa irin wannan bincike kuɗi na shekaru masu yawa, ta kuma sa kamfanonin siminti da na gas su buɗe ƙofofinsu domin gwaji. Ɗalibai kuma su rungumi ilmin haɗa sinadarai da hannu biyu.

In muka yi sakaci, ranar da ƙasashen waje suka ƙi sayen kayan da aka yi da hayaƙi mai yawa, sai mu sayi rariyar a hannunsu da tsadar da suka ga dama. Ba a fafe gora ranar tafiya.